Matan da Ba Su Shiga Aji Shida ba

A Tumbutu tamu, wadda ke cikin gundumar Malanbil a arewacin Benin, ba Tumbutun Mali ba, idan ka tambayi yarinya 'yar aji biyar ko shida sunan matan da suka yi fice a tarihi, da wuya ta wuce mayaƙan Danhome. Ba laifinta ba ne. Tun da aka kafa gunkin nan mai tsawon mita 30 a Kwatano cikin watan Yulin 2022, hotonsa ya cika talabijin da wayoyi, ga kuma fim ɗin Amurka da ya fito a shekarar. Matan nan da ake kira Agojiye sun cancanci a san su, domin sun gwabza da sojan Faransa a 1890 da 1892 a zamanin Sarki Behanzin. Sai dai daga nan zuwa Kwatano ya fi kilomita 700, yarinyar kuma takan ɗauka jarumtar mata abu ne na mutanen kudu.

Alhali kuwa tarihin da ya fi kusa da ita yana ƙetaren kogi. Iyakar da ta raba Malanbil da Gaya ta Turawa ce, kuma littafin makaranta ya bi ta sau da ƙafa. Lugu, kusa da Dogon Dutsi, ta fi Kwatano kusa da mu. A can ne cikin watan Afrilun 1899 Sarauniya Mangu da mutanenta suka ƙi miƙa wuya ga rundunar Bule da Shanuwan, wadda ta bi ƙasa tana ƙone garuruwa har Birnin Ƙonni. Abin da zan so malami ya nuna wa yara a nan shi ne yadda labarin ya iso mana. Rahoton Faransawa 'yan layuka kawai ya ba ta. Mafi yawan abin da ake faɗa yau ya fito ne daga littafin ƙagaggen labari da Abdullahi Mamani ya buga a 1980, sai fim ɗin Med Hondo na 1986. Yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ya isa ya gane bambancin abin da aka gani da abin da aka ƙawata. Haka ma Amina ta Zazzau: masana ba su daidaita ba kan ko ƙarni na 15 ta yi ko na 16, kuma babu kunya malami ya faɗi haka a gaban allo.

Amma ni in aka ba ni darasi ɗaya tak, Nana Asma'u zan ɗauka, ba mai takobi ba. An haife ta a 1793, ta rasu a 1864, 'yar Shehu Usman ɗan Fodiyo, matar Waziri Giɗaɗo. Ta yi rubutu da Larabci da Fulfulde da Hausa, kuma rubutun nan yana nan, Jean Boyd da Beverly Mack sun tattara shi a littafi guda a 1997. Abin da ya fi jan hankalina shi ne dabararta. Ta san matan aure na ƙauye ba za su baro gidajensu su zo Sakkwato ba, sai ta naɗa dattijai mata, kowace ana ce mata jaji, ta ɗora mata malfa da jan rawani. Jaji kan taho da 'yan mata da tsofaffi, su haddace waƙoƙin ilimi, su koma su koyar da waɗanda ke cikin gida. Su ne 'Yan Taru. Mu da ke aikin rediyo mun san wannan hikima: abin da aka rera ya fi zama a kai, kuma yana shiga gidan da baƙo ba ya shiga.

Dalilin zaɓen nan a fili yake. Jihar Alibori na cikin inda karatun 'ya'ya mata ya fi ja da baya a Benin, kuma aji shida ne mararraba: wasu su wuce sakandare, da yawa su koma talla ko a yi musu aure. Uban da ke ganin lakwal kayan Nasara ne ba zai girgiza da labarin Agojiye ba. Amma idan 'yarsa ta dawo gida ta ce 'yar Shehu da kanta ta aika malamai mata ƙauyuka, zai yi shiru ya saurara. Ita ma yarinyar ta sami abin kafa hujja da harshen da gidansu ke girmamawa.

Matsalar dai ita ce karatu da Faransanci ake yi, jarrabawar CEP kuma ba ta tambayar jaji. Malami yana tsere da lokaci, aji cike maƙil. Duk da haka akwai aikin da ba ya cin ko dala. A tura kowane yaro ya tambayi kakarsa, da Dandanci ko Hausa ko Fulfulde: kafin a gina gada, yaya mata ke ƙetare kogi da kaya? Wa ya koya mata karatun sallah? Su wa suka fara kasa kifi da albasa da shinkafa a kasuwar Malanbil? Ya rubuto amsar, a karanta a aji, a gwada ta wannan da ta wancan, a ga inda suka saɓa. A Nikki, cikin ƙasar Bargu, har yau mace ce mai sarautar Nyon Kogi ke jagorantar aske 'ya'yan sarauta da raɗa musu suna lokacin bikin Gani, kuma cikin ajin nan ba a rasa yaron da kakarsa ta taɓa gani da idonta.