Dakarkari da Dakarun Kanta: Yadda Suna Yake Haifar da Tarihi

Akwai wata ɗabi'a tamu ta Hausawa da ta daɗe tana wahalar da masu nazarin tarihi, watau idan muka ji suna a bakin wata al'umma, sai mu lanƙwasa shi har ya yi kama da kalmarmu, sa'an nan mu ƙaga masa labari. Ƙasar Zuru ta sha wannan.

Mutanen da muke kira Dakarkari, su Lelna suke kiran kansu, harshensu kuma C'lela, wanda masana suka sa cikin rukunin harsunan Kainji, ba dangin Hausa ba. Amma labarin da ya bazu shi ne wai su ne dakarun Kanta, Sarkin Kabi, mai birnin Surame, wanda ya bijire wa Askiya Muhammadu na Sanwai a farkon ƙarni na 16. Dakare, dakaru, Dakarkari: kunne ya ji daɗi, shi ke nan magana ta zauna. Mai yiwuwa ne wasunsu sun yi wa Kabi yaƙi, amma kamannin kalma ba hujja ba ne. Abin dariya kuma, ita Kabin da ake jingina su da ita, tatsuniyar Bayajida cikin Banza Bakwai ta jefa ta. Banzar da ta gagari Sanwai kuwa, ai a sake mata suna.

Da Turawa suka zo, sai suka tarar da labarin ya yi musu daidai. Sun taho daga Indiya da ra'ayin cewa wasu ƙabilu da yaƙi aka haife su, saboda haka suka yi ta ɗibar samarin Zuru aikin soja. To, a nan ne abin ya ƙara rikicewa. Tun daga rundunar da Gulba ya kafa a Ikko a 1863, sunan "Hausa" ya bi sojan Ingilishi a wannan yanki, Hausa kuma ta zama harshen bariki. Sai ga Balele ya bar gida da sunan da Hausawa suka laƙaba masa, ya isa Bama a Yaƙin Duniya na Biyu ana ce masa Bahaushe.

Ba na musun cewa Zuru ta ba Nijeriya hafsoshi: marigayi Sarkin Zuru Manjo-Janar Muhammadu Sani Sami, wanda ya yi Gwamnan Bauci a 1984, da Laftanar-Janar Ishaya Bamaiyi, Hafsan Sojan Ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Abin da nake musu shi ne a ce a jini abin yake. A ganina a duba golmo, noman da saurayi yake yi wa surukansa har shekara bakwai kafin a ba shi mata, tare da tsaransa, ƙarƙashin horo mai tsanani. A kuma duba harajin Bature, wanda sai da kuɗi ake biya, alhali kuwa albashin soja na cikin 'yan hanyoyin samunsu. Wanda ya yi damina bakwai a gonar suruki, faretin safe ba zai ba shi tsoro ba.