Karayar Jari da Sulhun 'Yan Kasuwa a Ƙasar Daura

A wannan takarda muna so mu duba yadda ake yi da ɗan kasuwar da jarinsa ya karye a ƙasar Daura. A zamanin Sarki Abdurrahman (1911-1966), alƙali yakan bi Muhtasar da Tuhufa: a hana wanda bashi ya ci taɓa dukiyarsa, a raba ta ga masu binsa gwargwadon haƙƙin kowa, wanda kuwa ya tarar da hajarsa yadda ya bayar ya ɗauki abarsa. Amma galibi magana ba ta isa zauren alƙali. Fatoma da dattawan kasuwa sukan kashe ta, a yafe wani abu, a ɗaga wa mutum ƙafa har kaka, domin tona asirin attajiri asarar kowa ce.

A 2020 dokar kamfanoni ta Nijeriya ta ƙara wa kamfanin da ya durƙushe damar shiryawa da masu binsa kafin a rushe shi. A ganinmu ta iske dattawan nan a inda suke. A 2023 aka sabunta dokar sulhu.

Matsalar tana Kwangwalam. Hukuncin mai sulhu yana iya ƙetare iyaka, tunda Nijeriya da Nijar duk sun shiga yarjejeniyar Niyok ta 1958. Amma in kamfanin Damagaram ya karye da kuɗin Badauri, dokar OHADA za a bi, da Faransanci, a kotun can.