Ƙusar Da Ta Yi Ja Ba Gawayi: Tarihin Murhun Maganaɗisu

 

Da yawa daga cikinmu mun ci karo da wani gajeren bidiyo a waya. Matashi ne zaune gaban tebur, a gabansa akwai siririn bututun jan ƙarfe da aka naɗe zagaye shida ko bakwai. Sai ya kama ƙusa da filaya ya zura ta tsakiyar naɗin. Ba harshen wuta, ba hayaƙi, ƙusar ma ba ta taɓa bututun ba, amma kafin a ƙirga talatin ta yi jajawur. Mu da muka tashi muna leƙen maƙera, muna kallon yaro yana haɗa gumi a kan zugazugi kafin gawayin ƙirya ya kama, dole abin ya ba mu mamaki. Wasu ma cewa suke yi siddabaru ne.

Ba siddabaru ba ne. Na'ura ce da masu sha'awar haɗe-haɗen lantarki ke harhaɗawa a ɗakunansu, mu kuma a nan za mu kira ta murhun maganaɗisu. Abin da ya ja hankalinmu shi ne hanyar da ta biyo kafin ta iso kan wannan tebur, domin tafiya ce ta kusan shekara ɗari biyu, kuma da alƙalami aka yi ta.

Labarin ya faro ne a 1820, lokacin da wani malami a ƙasar Danmak, Hans Christian Oersted, ya lura cewa idan lantarki ya bi ta cikin waya, allurar kamfas da ke kusa tana karkata. Ma'ana, lantarki yana haifar da maganaɗisu. Sai masana suka shiga tambayar kansu: to, maganaɗisu fa, zai iya haifar da lantarki?

Wanda ya kawo amsar ɗan maƙeri ne. An haifi Michael Faraday a 1791 a gefen birnin Landan, a gidan da abinci ma yakan yi wuya. Bokonsa bai yi nisa ba. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, ya riƙa karanta abin da aka ba shi ya ɗinke. A 1812 ya saurari laccocin masanin sinadarai Humphry Davy, ya rubuta abin da ya ji tsaf, ya ɗinke shi ya zama littafi, ya aika wa malamin. Wannan littafi ne ya buɗe masa ƙofar zama yaron ɗakin gwaji a 1813.

Ranar 29 ga Agusta, 1831, Faraday ya ɗauki wani zoben ƙarfe mai faɗin kamar inci shida, ya naɗa waya a gefe ɗaya, ya naɗa wata daban a ɗaya gefen, ba tare da sun haɗu ba. Ta farko ya jona ta da batir, ta biyu kuma ya kai ta kusa da allurar awo. Yana jonawa allurar ta motsa, sannan ta koma ta kwanta. Yana cirewa ta sake motsawa. Muddin wutar tana tafiya ba sauyi, allurar shiru take yi. A nan sirrin yake: maganaɗisun da ke zaune wuri ɗaya ba ya haifar da komai, sai wanda ke sauyawa. Faraday ya rubuta wannan a littafin ajiyarsa, kuma a watan Nuwamba na shekarar aka karanta sakamakon a gaban majalisar masana ta Ingila.

A daidai wannan zamani, wani malamin makaranta a garin Albany na Amurka, Joseph Henry, ya gano kusan abu ɗaya da kansa. Sai dai aikin koyarwa ya sha masa kai, bai fitar da nasa rubutun ba sai 1832. Har yau idan ana maganar wannan doka, sunan Faraday ake kira. Mu riƙe sunayen nan biyu, za mu sake gamuwa da su.

Daga nan sai batun zafi. Wajen 1840, James Joule, ɗan mai kamfanin giya a yankin Mancesta, ya auna zafin da waya ke yi idan lantarki ya ratsa ta, ya tarar idan aka ninka wutar sau biyu, zafin ninkuwa yake yi sau huɗu. A 1855 kuma Bafaranshe Léon Foucault ya juya faifan jan ƙarfe a tsakanin bakunan maganaɗisu, ya ji juyin yana ƙara nauyi, faifan kuma yana ɗaukar zafi. Dalili shi ne, dunƙulen ƙarfe shi ma hanya ce ta lantarki. Idan maganaɗisu mai sauyawa ya ratsa shi, wutar da ta taso ba ta da inda za ta nufa, sai ta riƙa kewaye a cikinsa kamar 'yar guguwa, tana gasa shi daga ciki.

Da farko ba wanda ya yi murna da wannan zafi. A shekarun 1880, da aka fara ƙera taransifoma da injinan ba da wuta, ciwon kai ya zame wa injiniyoyi, domin yana cinye wuta a banza yana ƙona kaya. Maganin da suka samo shi ne su daina amfani da dunƙulen ƙarfe, su yanka shi falle-falle su raba tsakaninsu, yadda guguwar ba za ta sami filin juyawa ba. Duk wanda ya taɓa ganin mai naɗin koyil ya warware tsohuwar taransifomar rediyo ya ga waɗannan siraran fallaye. Ganuwa ce da aka gina don a tare zafi.

Amma wani hani ga Allah baiwa ne. A 1887, wani matashin injiniya ɗan Libaful, Sebastian de Ferranti, ya yi wa abin kallo ta wata fuska: idan zafin nan ya isa ya ɓata inji, me zai hana a sake masa linzami ya narka ƙarfe? Ya yi rajistar tukunyar narka ƙarfe da ke aiki a kan wannan dabara. A 1900, Fredrik Kjellin ya gina irinta a garin Gysinge na ƙasar Suwidin, aka riƙa narka ƙarfe da ita don sayarwa. A 1916, Edwin Northrup na jami'ar Princeton a Amurka ya nuna cewa idan aka sa wutar tana kai da komo sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, ba a ma buƙatar zoben ƙarfe irin na Faraday. Naɗin bututu kawai ya isa, a saka abin da za a gasa a tsakiya. Siffar da muke gani a bidiyon nan ke nan.

Saurin kai da komon ya zo da wata fa'ida. Gwargwadon saurinsa, gwargwadon yadda wutar ke taruwa a fatar ƙarfen ta bar cikinsa. Maƙerinmu ya san idan ya gasa bakin gatari ya tsoma a ruwa zai yi tauri, ya kuma san idan taurin ya game ko'ina gatarin zai iya karyewa. A shekarun 1930 kamfanin Ohio Crankshaft da ke Cleveland ya yi amfani da wannan wajen taurara fatar karanshaf ɗin mota cikin 'yan daƙiƙoƙi, cikin kuma ya zauna da danƙonsa. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara yaɗa dabarar a masana'antu.

Duk da haka, kayan aikin manya ne, sai kamfani mai hali. Janaretoci ne na musamman da manyan kwalaben bawul irin na tsohuwar rediyo. Abin da ya sauko da su ƙasa shi ne taranzisto, ɗan makunnin da ke buɗe wuta ya rufe ba tare da hannu ya taɓa shi ba. A 1954 George Royer na kamfanin Westinghouse ya tsara yadda taranzisto biyu za su riƙa karɓa-karɓa, wannan ya buɗe wancan ya rufe, kamar mata biyu a bakin turmi ɗaya suna lugude. A 1959 Baturen Ingila Peter Baxandall ya bayyana wani salo na tsarin da aka ƙara wa kafasito. A wannan shekarar ce kuma Mohamed Atalla, haifaffen Port Said ta Masar, da abokin aikinsa Dawon Kahng ɗan Koriya, suka ƙirƙiro nau'in taranziston da ake kira MOSFET a ɗakin binciken Bell. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 an sami masu ɗaukar wuta mai yawa a kasuwa. Bayan intanet ta yaɗu, wani ɗan Italiya mai sha'awar lantarki, Vladimiro Mazzilli, ya fitar da sauƙaƙƙen zane mai MOSFET biyu, masu karambani a duniya suka yi ta kwafa, har zanen ya ɗauki sunansa.

To, me ke kan teburin matashin nan? Wuta mai bolt 12 zuwa 48, daga batir ko na'urar rage wuta. MOSFET biyu a manne da ƙarfen shan zafi. Jerin kafasito. Sai naɗin bututun jan ƙarfe, wanda a manyan murhu ake tura ruwa ta cikinsa don kada ya yi zafi. Naɗin da kafasiton suna ta jefa wa juna wuta kamar lilo, taranzistocin kuma aikinsu tura lilon a daidai lokaci. Wutar gidajenmu tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, ta wannan naɗi kuwa takan kai sau dubu ɗari. Ga abin sha'awa: ma'aunin ƙarfin naɗi sunansa henry, na kafasito kuma farad. Mutanen nan biyu da teku ta raba, ga su kafaɗa da kafaɗa a kan allo ɗaya da bai wuce tafin hannu biyu ba.

Mai ƙaramin murhu yakan lura ƙusarsa ta yi ja da sauri, daga nan sai ta tsaya cak. Wannan ma an rubuta dalilinsa tun 1895. Pierre Curie ya nuna cewa zafi yana raba ƙarfe da maganaɗisu, kuma ga baƙin ƙarfe iyakar tana wajen digiri 770. Da ya haye nan sai murhun ya rage kama shi, alhali narkewarsa sai ya wuce digiri 1,500.

Tilas mu ja kunne, kada wani ya karanta ya tafi yin karambanin akuya. Murhun bai san bambancin ƙusa da zoben yatsa ko agogon hannu ba, duk gasa su zai yi. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji kada ya matso kusa. Ba a jona shi kai tsaye da wutar gida. Idan wutar da aka ba shi ta shigo a raunane, lilon ba zai tashi ba, taranzistocin biyu su buɗe tare su ƙone nan take. Wanda zai gwada ya zauna gaban gwani tukuna.

Yanzu mu dawo gida. Kowane mataki a tarihin nan ya iso wurin na gaba ne domin wani ya zauna ya rubuta abin da ya gani, da ranar, da awon, har da inda abin ya ƙi. Foucault bai san zafin faifansa zai narka ƙarfe a Suwidin ba. Ya dai rubuta. Henry ya gani, ya yi jinkiri, ya biya kuɗin jinkirinsa.

A Panteka ta Kaduna, da kasuwar Katako ta Yamai, da rumfunan masu gyaran rediyo da waya na kowane gari, akwai masu hannu da ke gano dabaru kullum. Tsohon maƙeri yana gane zafin ƙarfe da launinsa, yana da sunan kowane mataki na aikinsa. Mai naɗin koyil ya san zagaye nawa kowace fanka ke so. Nawa daga cikin wannan aka rubuta da Hausa? Idan suka kwanta dama, da yawansa binne shi ake yi tare da su, na baya ya sake farawa daga tushe. Mu kuma da muke cewa muna son zama marubuta, mun taru a kan jigo biyu ko uku muna kukan labari ya ƙare.

Saboda haka ga aikin wannan mako. Kowa ya je wurin maƙeri ko mai gyara mafi kusa da shi, ya gaishe shi, ya nemi izini ya zauna awa ɗaya. Ya rubuto mana aiki guda daga farkonsa har ƙarshe, cikin kalmomi kamar 300, da sunayen kayan yadda mai sana'ar ke kiransu. Kada a gyara masa baki, kada a manta da sa rana. A ajiye a ƙarƙashin wannan muƙala kafin Juma'a, da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.

Wanda kuma yake da sunan da ya fi "murhun maganaɗisu" zama a baki, ya kawo mu tattauna. Allah Ya ƙara mana basira, Ya sa albarka a alƙalumanmu.