Ƙosai Ya Riga Shayi Zuwa Sheme

Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau da sassafe ya san mahaɗar Sheme, inda titin Ƙanƙara ya ɓalle. Kafin rana ta fito masu shayi sun hura wuta, direbobi da yaran mota sun cika benci. Yaran yanzu sun ɗauka haka garin ya tashi ya gani, alhali teburin mai shayi baƙo ne.

Karin kumallon kakanninmu ɗumame ne da koko. Abin da ake saye a waje kuwa sana'ar mata ce daga cikin gida. Tun dare uwar gida za ta jiƙa gero ta tace gasara, ta surfa wake ta wanke, da asuba ta markaɗa a dutse, kafin zuwan inji. Sai ta buga ƙullun nan har hannu ya gaji, domin ƙosan da bai bugu ba ba ya tashi, mai kawai yake sha. Mai waina na gefe da tandarta ta ƙasa. 'Yan talla su ɗauka su zaga gari, da yajin ƙuli a ƙulle. Da ribar nan aka yi wa 'yan mata da yawa kayan ɗaki, kwano bisa kwano.

Shayi ta hanya biyu ya shigo mana. Akwai na Buzaye, ɗanyen ganyen ƙasar Sin da ya ratso Sahara, wanda ake dafawa a ƙaramar buta kan gawayi. Akwai kuma na Turawa mai madara da sukari, wanda ya zo da burodi. Da jirgin ƙasa ya ratsa Funtuwa da Gusau ya isa Ƙaura Namoda a 1929, cinikin auduga da gyaɗa ya buɗe, manyan motoci suka biyo baya. Matafiyin da ya kwana a tasha ba shi da mai ɗumama masa tuwo, sai mai shayi ya tsaya masa. Daga baya ƙwai ya hau teburin, Indomie kuma sai wajen shekarun 1990. A Guwanzu ta ƙasar Sin ma haka aka yi: gidajen shayi ne suka fara haɗawa da 'yan ƙananan abin taɓawa, har ya zama karin kumallon da ake kira dim sum.

Teburin ya zama majalisar maza. Mai hali ya ce "a yi mini kauri", wanda aljihu ya yi wa nauyi ya sha ruwan bunu, kowa na kallon mai shayi yana sheƙa shi daga kofi zuwa kofi. A nan ake jin farashin masara da labarin hanya.

Hanyar ce jarin mai shayi, ita ce kuma rauninsa. A 2021, da gwamnatin Katsina ta hana motocin haya bin titin Ƙanƙara zuwa Sheme saboda 'yan bindiga, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, mai jiran baƙo shi ya fi jin jiki. Mai ƙosai kuwa maƙwabtanta take sayar wa, gero da wake kuma a gonakinmu suke, ba kamar alkamar burodi da ake shigowa da ita daga waje ba. Ni dai in an ba ni zaɓi, a zuba mini koko, a ƙirga mini ƙosai mai zafi.