Masu Koyar da Ilmin Abinci a Wudil da Waɗanda Suka Yi Wa Magana

Duk wanda ya bar birnin Kano ya nufi gabas bisa hanyar Maiduguri, in ya yi tafiyar kimanin kilomita 40, zai iske gada bisa babban kogi, a gefenta kuma ga Wudil, garin da tun zamanin sarakunan Fulani yake ƙarƙashin Makaman Kano na zuriyar Joɓawa, wanda kuma kasuwarsa ta ranar Juma'a ta yi suna har ƙasashen Kudu saboda shanu. Allah Ya hore wa wannan gari kifi daga kogi, da nono daga rugage, da gero da dawa da wake da gyaɗa daga gonaki, da kayan lambu daga fadama. Amma duk da wannan ni'ima ba a rasa ganin yaro mai tamowa a ƙauyukan da ke kewaye, kamar yadda ake gani a sauran ƙasar Hausa. Dalilan haka suna da yawa, talauci ne babbansu, sai dai akwai guda wanda tarihi ya nuna a fili, wato sau da yawa masu ilmin abinci sun yi ta magana da wanda ba shi ne ke riƙe da ludayi ba.

A zamanin da, wannan ilmi ba shi da makaranta, amma yana da ma'abota, kowane kuma ya san jama'arsa. Ungozoma da tsofaffin gida su ne ke da hukunci a kan maijego har kwana arba'in, su ke tafasa ruwan wanka safe da yamma, su dama kunun kanwa, su daka yaji, su dafa ƙauri, ba kuwa mai tsoma musu baki, ko da mijin ne. Malamai a zaure suna karantar da abin da ya shafi halal da haram na ci da sha, da ladubban cin abinci kamar yadda babinsu ya zo a Risala, da rangwamen azumi ga mai ciki da mai shayarwa, da haƙƙin jariri na shan nono shekara biyu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ita ce ta fi kowa gane asirin al'amarin, domin da ta ga matan ƙauye ba za su iya zuwa majalisin malamai ba, sai ta naɗa jajis daga cikin dattijan mata, ta koya musu da harshen da suke ji, ta aike su su koya wa 'yan uwansu a cikin gidaje. Ta zaɓi masu saurarenta tukuna, sa'an nan ta tsara karatun daidai da su.

Da Turawa suka zo, sun zo da awo da lissafi. Wani likita mai suna McCulloch ya zauna a Katsina yana binciken cimar Hausawa da Fulanin gari, ya buga sakamakonsa a 1929 da 1930, haka kuma likita Cicely Williams ta bayyana cutar kumburin yara ta rashin abinci mai gina jiki a ƙasar da yanzu ake kira Gana, a 1933. Ilmi ne na ƙwarai, amma da Turanci aka rubuta shi, likitoci ne kuma suka karanta.

Abin da ya iso wa talakawa shi ne majigi. Wani jami'in tsabta, William Sellers, ya fara nuna hotunan kiwon lafiya a Nijeriya, a 1939 kuma aka kafa hukumar shirya irin waɗannan finafinai a Landan aka ɗora shi a kanta. Mota takan iso gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi, bayan sallar isha'i a tayar da inji, mai fassara ya riƙe lasifika yana bayani a kan tsabtar rijiya ko noman auduga ko renon jariri. Fili yakan cika maƙil, yara a gaba bisa ƙasa, magidanta a baya, dogarai suna tsawatarwa. Amma matan aure, waɗanda su ne za su tashi da asuba su dama kokon da yaron zai sha, suna can cikin gida a kulle, abin da ya kai kunnensu bai wuce labarin da yara suka kawo ba, su kuwa yara abin dariyar kaɗai suke riƙewa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fita a Zariya a 1939, da ƙananan littattafan Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, su ma galibi hannun maza suka faɗa. Rediyo ne ya fara ƙetare zaure ya shiga tsakar gida, musamman bayan buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, sai dai murya ba ta nuna kaurin kunu ko yawan garin da ke cikin cokali.

A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, cikinsu har da Davidson da Parry, suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke kasawa bayan haihuwa, suka danganta abin da yawan kanwar da ake sha da tsananin zafin wanka da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Tun daga lokacin ma'aikatan jinya suke gargaɗi a wurin awo, daga baya suka haɗa da cewa kada a zubar da dakashi, kada kuma a ba jariri ruwa kafin wata shida. Wa ake faɗa wa? Yarinya mai cikin fari, wadda kunya ba za ta bar ta ta ɗaga ido gaban uwar mijinta ba, balle ta ce mata malamar asibiti ta hana. Tsohuwar kuwa ba mugunta take yi ba, ƙauna ce ta sa ta tashi cikin sanyin asuba tana hura wuta, da an zaunar da ita an girmama ta an yi mata bayani, da ita ce za ta fi kowa tsare dokar. Ni a ganina wannan shi ne kuskure mafi tsada a duk tarihin nan.

Alhali kuwa a cikin Wudil ɗin akwai inda ilmin ciyarwa ya kai maƙura ba tare da majigi ko takarda ba, wato wurin masu kiwon turke. Mutum zai sayi ramammen sa a kara, ya ɗaure shi watanni, ya san mudun dusa nawa zai ba shi da safe, da yaushe za a ƙara harawa da ƙowar wake da angurya, da ɗan abin da za a jiƙa na kanwa, in kuwa ya ga kashin dabbar ya sake, nan take ya san abin da ya yi yawa. Ranar kasuwa dillali ya shafa gadon bayan san, ya matsa gindin wutsiya, ya faɗi kuɗi, hukuncin ilmin ya fito a bainar jama'a. Mai koyarwa makiyayi ne, mai koyo makiyayi ne, harshensu ɗaya, ma'auninsu ɗaya. Haka awara ta bazu tun daga wajen shekarun 1990, bayan masu bincike na cibiyar aikin gona ta IITA da ke Ibadan da abokan aikinsu sun dage wajen koya wa mata sarrafa waken suya: ta shiga hannun masu sana'ar cikin gida, su kuma suka kai ta bakin kowace makaranta.

A 2001 aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Dangote, kuma tana da sashen kimiyyar abinci. A wannan shekarar ce wayar salula ta fara bazuwa a Nijeriya. Yau ɗalibi yana iya ɗaukar bidiyo a ɗakinsa don sha'awa kawai, ya sa a Facebook ko WhatsApp, ya shiga ɗakunan da motar majigi ba ta taɓa shiga ba. Abin baƙin ciki, da yawa daga cikin ɗaliban suna kwaikwayon masu bidiyon Amurka, suna bayanin rage ƙiba da sunayen cimar da ba a sayar da ita a kasuwar Wudil, suna neman kowa ya kalla.

Ina roƙon ɗalibin da Allah Ya ba wannan ilmi ya zaɓi jama'a guda ya tsaya a kanta. In kakanni ya zaɓa, ya yi musu magana da ladabin da zai yi wa tasa kakar, ya nuna musu da gwangwani yadda ake haɗa awo shida na gero da uku na waken suya da ɗaya na gyaɗa, a soya, a niƙa, a dama wa yaron da ya wuce wata shida. In masu ciwon suga ne, ya zauna da likita da malamin fikihu kafin watan azumi, ya tace abin da zai faɗa a kan sahur da buɗa-baki. In bai san abu ba ya tambayi malamansa kafin ya kunna waya, domin lafiyar bayin Allah amana ce a wuyansa. Kada ya damu in masu kallonsa ba su wuce matan unguwa ɗaya ba, muddin su ne masu dafa abincin.