Sabon Zango na Birnin Akra

Duk wanda ya ziyarci Sabon Zango a Akra, babban birnin Gana, zai ji ana gaisuwa da ciniki da Hausa. Asalin unguwar kuwa, wajen 1910 ne Malam Baƙo, ɗan wani malami Bakatsine, ya tashi da jama'arsa daga tsohon zango na tsakiyar gari, ya sauka a filin da ya samu daga sarakunan Ga, masu ƙasa. Amma daɗewa ba ta sa an daina ganinsu baƙi ba. A 1969 gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takardun zama mako biyu su bar ƙasar, mutanen zanguna da yawa suka tafi. Waɗanda suka tsaya su suka riƙe unguwar da harshen har yau.