Ginshiƙan Dokar Laifuka Guda Uku

Dokar laifuka ita ce ke fayyace abin da ya zama laifi da kuma hukuncinsa. Tushenta a Arewacin Najeriya shi ne kundin Final Kod, wanda aka tsara bisa na Sudan, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960. A Kongo da ke Zariya aka horar da alƙalai kan aiki da shi. Jihar Kaduna ta sabunta nata a 2017.

Ginshiƙi na farko shi ne rubutacciyar doka. Sashe na 36(12) na Tsarin Mulkin 1999 ya hana hukunta kowa kan abin da doka ba ta rubuta laifinsa da hukuncinsa ba.

Na biyu shi ne aiki, domin ba a hukunta abin da ya tsaya a zuciya.

Na uku shi ne niyya, wadda yawancin laifuka ke buƙata. Ɗan kasuwar Birnin Zariya da ya ɗauki buhun wani bisa zaton nasa ne bai yi sata ba. Haka wanda ya karɓi kaya bashi, kasuwa ta juya masa baya, bai yi zamba ba, sai an tabbatar tun farko bai yi nufin biya ba. Sashe na 32(2) na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma ya haramta kama mutum kan saɓa yarjejeniya kawai.

Tabbatar da waɗannan ginshiƙai nauyin mai gabatar da ƙara ne, ba na wanda ake tuhuma ba.